Mataji Mai Haƙora Uku a Goshin Kilim

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutanen Jiratawa? Ya ban ruwa? Ya sauran haƙora, ba a ƙara yar da ko ɗaya a hanya ba?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in tambaye ki wace ƙasa naki suka yi hijira."

Tsahara ke nan da ɗan'uwanta Maman Lawali, a zauren gidanta na unguwar Zariya, da hantsi. Uban Tsahara da uwar Maman Lawali ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubasai ne, kuma a ɗaki ɗaya suka tashi wurin kakarsu Atika a Tibiri. Tun suna yawo ba riga take ce masa bawanta, shi kuma bai taɓa yarda ba. Yanzu duk sun yi furfura. Shi ya daɗe yana gyaran firigo da tsofaffin kilim na taga a bakin kasuwar Maraɗi, da ido ya rage sai ya koma garkar albasa da zogale a Jiratawa. Ita kuwa tana zaune a gidan da mijinta, Malam, ya rasu ya bar ta.

Bara da bazara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Ɗanta Abdulrazak ya zo daga Yamai a rikice, ya ce ta haɗa kayanta. Ta ƙi. Da ƙyar aka yi sulhu: ya sa mata kilim, injin sanyaya ɗaki, rabinsa a ciki rabinsa a bayan ɗaki, bisa sharaɗin ranar da ya lalace cikin zafi ba sauran gardama, Yamai za ta koma. To ga bazara ta dawo da ƙarfinta, ga kilim ya fara tsiya. Shi ya sa ta kira taubashinta a salula.

"Shigo, bawana. Cire takalman nan, kada ka kwaso mini taɓon garka."

"Taɓon garka shi ke ciyar da ke. Ina maras lafiyar?"

Ta ɗaga labule. Can bisa bango farin akwati ne dogo, an rataya masa ɗankwali a gefe guda.

"Ikon Allah! Aure za ki yi masa?"

"Jan idon nan na rufe. In na idar da salla na ɗaga kai sai in ga yana harara ta."

Ya janye ɗankwalin. Wasu jajayen alamu biyu suna ƙiftawa a goshin injin. Ya laluba aljihu ya fiddo tabarau mai ƙafa ɗaya da zare.

"Ba sai ka wahalar da makahon idonka ba," in ji ta. "Ni allo na yi, ban yi lakwal na boko ba, amma na haddace su. Mataji ne mai haƙora uku, kamar bakinka, sai sanda a tsaye kusa da shi."

"E da ɗaya ke nan. E1."

"To mi yake cewa?"

"Cewa yake mai ɗakin ta cika surutu."

"Ashe ba ka sani ba."

"Ni? Ni da na gyara kilim tun kina tallan dakuwa a tashar Tibiri? Gaya mini yadda yake yi."

Ta gaya masa. In ta kunna yana tashi lafiya, iska mai daɗi, kamar ba shi ba. Kafin ta ja carbi ta zagayo sai ya yi ɗit-ɗit ya ɗauke, matajin ya fito. Da rana ya fi yi. Da asuba yakan ɗan daure.

"Kin kashe shi daga bango kin bar shi ya huta?"

"Na kashe, na bar shi ya huta, na yi masa bisimilla, na kunna. Har tofi na yi masa."

"Wayyo. Ai tofin naki ne ya ƙarasa shi."

Duk da haka ya kashe makunnin bango da kansa, ya ce a bar shi ya huce. Ya kunna ƙwan ɗaki ya ga haskensa ras, ya leƙa firigo ya ji yana gurnani yadda ya kamata, ya ce to kuran, wato lantarki, bai yi rauni ba, laifin ba na wuta ba ne. Sannan ya taka turmi ya ɗaga murfin injin, ya zaro raga biyu. Baƙi ƙirin suke, sun yi kitse.

"Tsahara, turaren wuta nawa kike ƙonawa a ɗakin nan? Ke da ba amarya ba?"

"Tsafta ba ta tsufa. Kai da ka saba da warin albasa ina za ka gane?"

"Hancinsa ne wannan. Kin toshe masa hanci. Kawo ruwa da sabulu."

Suka fito tsakar gida. Ta zuba masa ruwa da buta yana cuɗa ragar, baƙin ruwa yana gangarawa gindin bedin da Malam ya dasa da hannunsa. Rana ta riga ta fara cizo. Kaji duk sun buɗe baki sun lafe a gindin bango.

"Ka tuna ɗakin Kaka?" ta ce. "Ko rana ta raba tsaka, in ka shiga sai ka ji kamar ka faɗa rijiya."

"Bango kamu biyu, rufin azara. A share yashi a yayyafa masa ruwa. Wa ya san wani E, wa ya san ɗaya?"

"A ba ka mahuci ka yi mata fifita, kai ne za ka riga ta barci."

"Ƙarya kike. Ke ce dai kike shanye mata fura ki ƙara ruwa."

"Ita kuwa ta kama kunnenka."

"To ba ke ce ɗiyar namiji ba? Komi kika yi, ɗan mace ke shan duka. Allah Ya jiƙan Kaka, amma ta yi son kai."

"Amin. Gaskiya dai take bi."

Ya yarfe ragar ya jingina su a rana. Nan da nan suka bushe. Da ya sunkuya zai ɗauko wani abu cikin jakarsa, Tsahara ta tsaya tana kallon jakar. Tsohuwar jakar aikinsa ce ta fata, wadda rabonta da ganinta tun yana bakin kasuwa. Ga turnabis na kwance sukuru, ga ƙarafuna, an goge su sai ƙyalli suke.

"Maman Lawali."

"Na'am, tsohuwa."

"Da na kira ka, mi na ce maka?"

"Kin ce, bawana taho ina nemanka."

"Na ambaci kilim?"

Ya shiga juya turnabis a hannu.

"Mutum ya bar garka ya hau kabu-kabu da jakar gyara, alhali ba a ce masa gyara ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya gaya maka?"

"Ni fa da jakata nake kwana."

"Da akuyarka kake kwana. Wa ya gaya maka?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce Abdulrazak ne. Wata maƙwabciya ta faɗa wa matar Abdulrazak a salula cewa kwana biyu ba su jin kukan injin ta bayan katanga. Shi ne yaron ya kira shi tun kafin ita ta kira, ya ce ya zo ya duba da idonsa, in an yi azahar zai bugo ya ji gaskiya.

Tsahara ta ajiye butar a hankali. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan nan ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce na Yamai.

"Wato na Yamai ne ya aiko ka leƙen asiri. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa."

"Ni ban rataye kowa ba tukuna."

"Mi za ka ce masa?"

"Abin da na gani. Kin taɓa jin na yi ƙarya?"

"Tun da ka shigo ba ka faɗi gaskiya ko ɗaya ba."

"Wannan wasa ne. In ya ce tsakani da Allah fa?"

Ita ma ba za ta so a yi ƙarya dominta ba. Ta dubi bedin, ta dubi ƙofar ɗakin Malam, ta dubi gurbin da turminta ya ci a ƙasa. Ta taɓa zuwa Yamai sau ɗaya, gidan bene, a rufe ka kamar tantabara, ba wanda zai yi sallama ya ce a sam masa garwashi. Ta gyara mayafinta.

"To tashi ka yi aikin da ya kawo ka."

Ya mayar da ragar, ya kunna bango, ya danna kwamandi, ɗan makunnin hannu. Injin ya buɗe baki, iska mai sanyi ta zubo. Maman Lawali ya buɗe hannuwa kamar mai jiran kirari.

"Faɗi mana. Ce Maman Lawali sarkin ƙarfe."

"Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa."

Ta zauna bakin gado ta ɗauki carbi, idonta na bisa. Shi kuma yana ta cika baki, wai akwai shekarar da ya gyara firigon wani Balarabe har ruwan randar maƙwabta ya daskare. Bai kai ƙarshen labarin ba suka ji ɗit-ɗit. Bakin injin ya rufe. Matajin ya fito da sandarsa.

"Sannu, sarkin ƙarfe."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar, kamar laifin gilashin ne.

"In gaya miki gaskiya," ya ce, "a zamaninmu inji da kunne ake jin ciwonsa. In ya yi tari ka san nan ne, in ya yi rawar ɗari ka san can ne. Waɗannan na yanzu ba su kuka, rubutu suke yi maka kamar ma'aikacin gwamnati. Kuma kowane kamfani da yarensa. E1 ɗin wani ba shi ne na wani ba."

"Wato kai ma baƙo ne."

"Baƙo ne mai hankali. Tun da hanci ya buɗe, wuta lafiya, kuma da rana ya fi yi, to ciwon ba a ɗaki yake ba. Ko dai gaz ya zube, ko na waje ne ke shan wuya."

"In gaz ne fa?"

"Sai an kira masu kwalbar gaz. Ba yau ba."

Tsahara ta tare shi.

"Na waje kam kada ka ɗora masa laifi. Ba abin da ke samun gata a gidan nan kamarsa. Ko kai matarka ba ta kula da kai haka."

"Wane irin gata?"

"Taho ka gani, ka koyi riƙon amana."

Ta shige gaba, ya bi ta ta lungun bayan ɗaki. Da suka karya kwana Maman Lawali ya tsaya cik. Injin waje yana nan bisa ƙafafunsa na ƙarfe, amma ba a ganin ko kusurwarsa. An naɗe shi da buhunan ashasha, gaba da baya da bisa, an ɗaure da igiya tam. Buhunan a jiƙe suke sharkaf, ruwa na ɗiga ƙasa. Ga bokiti da moɗa a gefe.

"Safe da yamma nake ba shi ruwa," in ji Tsahara. "In rana ta yi tsanani har da azahar."

Ya dube ta, ya dubi injin. Sai ya dafa bango. Dariya ta taso masa tun daga ciki, ya yi ta yi har hularsa ta faɗi, har tari ya sarƙe shi.

"Mi ye abin dariya, ɗan banza?"

"Randa! Kin maida shi randar Kaka!"

"To ba haka take yi ba? A naɗe randa da jiƙaƙƙen buhu, ruwa ya yi sanyi har ya riƙe maka haƙori, lokacin kana da su. Ranar nan na taɓa shi da tsakar rana ya ƙone mini hannu. Na ce in na bar shi haka mutuwa zai yi, in ya mutu kuwa..." Ba ta ƙarasa ba.

Dariyar ta ɗan lafa masa. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Garin neman gira kin kusa rasa ido. Je ki kashe bango tukuna. Kuma ki gode wa Allah da kuran bai fizge ki ba, kina zuba wa wuta ruwa da moɗa."

Da ta dawo ta same shi yana kwance igiya.

"Randa shiru take, ba ta numfashi," ya ce. "Wannan kuwa zafin ɗakinki yake kwasowa ya furzar a nan. Kin ga fankar nan? Bakinsa ne. Ya kwaso zafi, ya zo zai tofar, ya tarar kin ɗaure masa baki. Dole ya shaƙe ya tsaya. Abin da yake ta rubuta miki ke nan, ke kuwa kika rufe masa ido da ɗankwali."

"Da ya yi magana da Hausa ai da na ji."

"Ke? Malam ya yi miki Hausa har ya koma ga Allah, kin ji?"

"Allah Ya jiƙansa, shi ya san yadda ake faɗa."

Ya yaye buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya kan na ƙarshe, ya juya shi.

"Kai! Wannan ai nawa ne. Wanda na aiko miki da gero da kaka."

"Ka gani? Ashe kayanka ne suka shaƙe shi. Komi ya fito Jiratawa sai ya yi ɓarna."

"Geron dai bai yi ɓarna ba."

Zaren buhu duk ya manne a haƙarƙarin injin. Ya karɓi tsintsiya mai laushi ya share a hankali, daga sama zuwa ƙasa, yana yi yana mita. Ya ce tunaninta ba duka ne na banza ba, injin yana son inuwa, amma inuwa daga nesa. Zai kawo zana da itace daga garka ya yi masa rumfa mai tsawo, iska na shiga tana fita. Suka bar shi ya sha iska ya bushe, suka yi azahar, shi a masallacin bakin layi, ita a ɗaki. Ta daɗe a sujada.

Da ya dawo ya kunna. Wannan karon bai nemi kirari ba. Ya zauna a tabarma, ita a bakin gado, duk sun ɗaga kai kamar masu duban wata. Ta ja carbi ta zagayo. Ta sake zagayowa. Ta sake. Iska na ta zuba, labule na motsi, goshin injin fari tas.

Salularsa ta yi kuka. Ya duba, ya buɗe muryar yadda za ta ji.

"Kawu, ina wuni? Ya garka?" Muryar Abdulrazak ce. Suka gaisa har ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, tsakani da Allah, kilim ɗin Inna yana aiki?"

Maman Lawali ya miƙe ya kai salular bakin injin.

"Ka ji? Ko in sa maka kunnenta ka ji yadda ya yi ƙanƙara?"

"Alhamdu lillahi. To amma an ce ya tsaya."

"Ya tsaya, ba ƙarya."

Tsahara ta damƙe carbinta.

"Mi ya same shi?"

"Gata ne ya yi masa yawa. Wani mai ƙaunarsa ya ji tsoron kada rana ta kashe shi, ya lulluɓe shi ruf, har ya kasa numfashi. Da aka sakar masa mara ga shi nan yana aikinsa. Ka ji ko, ɗana?"

Abdulrazak ya gane da shi ake.

"Na ji, Kawu."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma mi mutanen Yamai suka yi maka da za ka kai masu wannan masifa? Mu nan mun saba."

Abdulrazak ya yi dariya, irin wadda ba ta gama fita ba.

"Hankalina ne ba ya kwanciya. In na bar ta, wa zai riƙa leƙa ta? In abin ya sake fa?"

"Ni. Duk Juma'a in na shigo gari zan biyo in duba injin, in duba tsohuwar, in ga ko tana shan maganinta. Wanda ya fara lalacewa cikinsu zan gaya maka, ba ɓoyo."

"Ka yi alkawari?"

"Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

"To shi ke nan. Inna, kina ji? Ki zauna. Amma don Allah ki riƙa kunna shi."

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce.

Da ya kashe salular ɗakin ya yi tsit, sai hucin injin. Tsahara ta goge fuska da bakin mayafi, ta gyara murya.

"Wa ye kuturun?"

"Wanda ya tsargu."

"Wato yanzu an ɗaura mini kai duk Juma'a. Ina ma Yamai ɗin."

"Ga salula, in kira shi?"

Ta tashi ta nufi bayan ƙofa, ta yaye wani tsohon zane. Kujerar Malam ce a ƙarƙashi, ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda yakan kishingiɗa a kai bayan la'asar. Tun da aka fita da shi ba wanda ya zauna mata, ko Abdulrazak. Ta jawo ta har inda iskar ta fi sauka, ta kaɗe ta da zanen.

"Zauna."

Maman Lawali ya dubi kujerar.

"Tsahara, ta Malam ce fa."

"Na fi ka sani. Mai zuwa duk Juma'a ba ya zama a ƙasa. Kuma ka ishe ni da goga mini taɓo a tabarma."

Ya yi bisimilla, ya zauna a hankali kamar mai hawan raƙumin aro. Igiyoyin suka yi ƙara, suka karɓe shi. Ya jingina, ya lumshe ido, sai ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"To, yau kam kin ci, ɗiyar kawu. Na sallama. A kawo fura."

"Ku ji mini bawa! An ba shi wurin zama yana neman sarauta."

Tana faɗa tana laluben ludayi.